Ƙungiyarmu tana aiki kuwa? Tambayoyi da amsoshi ga masu aikin sa-kai a zangunan Akra

Na daɗe ina riƙe da littafin wata ƙungiyar sa-kai a tsakanin unguwannin Nima da Mamobi a Akra, babban birnin Gana. Irin ƙungiyoyin nan ne da kan faro daga dandalin shan ataya, wanda muke kira "bes", har wata rana wani ya ce, "Jama'a, kullum sai dai mu zauna muna musun ƙwallo? Ga kwata ta toshe a gabanmu." Saboda daɗewar nan, 'yan'uwa daga Sabon Zango, Fadama, Madina har Ashaiman sukan tare ni da tambayoyi, yawanci bayan tasu ƙungiyar ta fara sanyi. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan tare da abin da nake amsa musu. Da yawa daga cikin amsoshin, kurakuranmu ne suka koya mini su.

Muna aiki, kowa yana gani. Mene ne kuma na zama mu binciki kanmu?

Abin da mutane suke gani ranar aiki ce kawai. Suna ganin riguna iri ɗaya da baro da shebur, sai hotuna a Facebook da yamma. Ba sa ganin cewa mutum shida ne ke ɗauke da ƙungiyar a kansu, biyu daga ciki kuma sun gaji. Ba sa ganin cewa rabon da a karanta lissafin kuɗi a gaban membobi tun azumin waccan shekarar.

A cikin ƙungiyoyin da na ga sun watse, ban tuna ko ɗaya da ta watse dare ɗaya ba. Taro ne yakan fara raguwa, sai a daina rubuta abin da aka tattauna, sai ƙananan maganganu kan kuɗi su fara yawo a bayan fage, kafin ka ankara wasu sun ɓalle sun kafa tasu da sabon suna. Duk waɗannan alamu suna nan a fili watanni kafin rabuwar, da akwai ranar da aka ware don a dube su. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu da muke jin malamai suna kawo maganar Sayyadina Umar cewa mu yi wa kanmu hisabi tun kafin a yi mana, bai kamata wannan zama ya zame mana baƙon abu ba.

To da me ake aunawa? Yawan ayyukan da muka yi a shekara?

Da abin da ya rage a unguwa bayan kun tafi. A nan zan ɗan tsaya, domin duk sauran maganar a kan wannan take tsaye.

Wata shekara, ana gab da shiga damina, muka fito yashe kwatar layinmu. An yi aiki na gaske tun bayan asuba har azahar. Muka tara laka da leda da robobin ruwa a bakin kwata, tuli-tuli, muka ɗauki hoto, aka ci wace, wato shinkafa da wake, aka watse. Ina shirin tafiya wata tsohuwa mai sayar da koko ta kira ni.

"Ɗana, sannunku da aiki, Allah ya yi muku albarka. Amma wannan tulin da ke ƙofata, wa zai kwashe?"

Na ce, "Mma, gobe in Allah ya yarda."

Ba mu shirya aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ba, ba mu ware kuɗin kwashewa ba, ba mu sanar da kowa a asambili, wato ƙaramar hukuma, ba. Kwana uku aka yi ruwa, ya mayar da komai inda muka ciro shi, wani ma ya shige mata rumfa. A littafinmu na wannan shekarar an rubuta "an yashe kwata", kuma ba ƙarya aka rubuta ba. Amma idan ka tambayi tsohuwar nan, wahala muka ƙara mata.

Tun daga ranar na canza yadda nake rubutu. Kowane aiki yana da shafi biyu: ranar da aka yi shi, da ranar da aka koma dubawa. Idan kwata ce, a koma bayan ruwan sama mai ƙarfi na farko a tambayi gidajen da ke bakinta ko ruwa ya shiga ɗaki. Idan littattafai da jaka aka ba marayu a farkon shekarar karatu, a koma a zangon karatu na biyu a ga ko yaron yana aji ko ya koma tallar ruwan leda a bakin titi. Idan jari aka ba wata baiwar Allah, a leƙa bayan wata uku a ga ko tiren yana nan.

Kuma kada a ɗauki maganar kwata a matsayin ƙaramin abu. Babbar kwatar Nima a kogin Odaw take juyewa, Odaw kuma ta bi ta wajen mahaɗar hanyoyin da ake kira Circle ta faɗa tafkin Korle. Duk wanda yake Akra a daren 3 ga Yunin 2015 ya san abin da ambaliya da gobarar gidan mai suka yi a Circle, inda sama da mutum 150 suka rasu. Shekara guda kafin nan, a 2014, kwalara ta kama fiye da mutum 28,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 200, kuma yankin Akra ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Bayan wannan annobar ne gwamnati ta sa Asabar ɗin farko ta kowane wata ta zama ranar tsafta ta ƙasa. Aikin da ke da wannan nauyi ya cancanci a koma a duba ko ya ci.

Yaya ake yin zaman binciken? Su wa za su zauna, kuma yaushe?

Sau ɗaya a shekara, a rana tsayayya da kowa ya sani. Ina ba da shawarar makonnin da ke bayan Babbar Sallah, lokacin da hidimar azumi da ta layya suka wuce, aljihu da zuciya suka ɗan lafa. Kada a haɗa shi da walima ko bikin cika shekara, domin ranar murna ba wanda ke son ɓata wa jama'a rai da gaskiya.

Shugaba ba zai jagoranci wannan zama ba. A nemo mutum ɗaya daga waje wanda duk ɓangarori ke jin kunyarsa: limamin masallacin unguwa, ko wani malamin makaranta da ya yi ritaya, ko wata Hajiya da ta saba riƙe adashin mata shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Kafin ranar, a tura mutum uku su zaga unguwa su tambayi waɗanda aka yi wa aiki. Kada su sa rigar ƙungiya, kada kuma su tambayi "Yaya kuka ga aikinmu?", domin kunya za ta sa a ce madalla. Su tambayi abin da ya fi damun gidan a bana, sannan su tambayi ko wani abu da ƙungiyar ta yi ya taɓa wannan damuwar.

A wajen zaman a raba takarda, kowa ya rubuta abu ɗaya da za a ci gaba da shi da abu ɗaya da za a daina, ba tare da suna ba. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya raɗa wa mai jagorancin zaman. Wannan takardar tana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato, domin ƙaramin yaro ba zai miƙe a gaban yayansa ya ce "Yaya, ka yi kuskure" ba, ko da kuwa shi ne ya ga kuskuren.

Ba mu da littafi. Komai namu a WhatsApp yake. Hakan bai isa ba?

Bai isa ba. Waya takan ɓace, takan lalace, kuma mai riƙe da zauren idan ya yi fushi zai iya cire kowa cikin minti ɗaya. Ku sayi manyan littattafai uku masu bangon kwali: na halartar taro, na kuɗi, na ayyuka. A ɗauki hoton kowane shafi a ƙarshen wata a tura zauren, littafin kuma ya kwana a hannun sakatare.

Sunayenmu sun haura ɗari, amma ranar aiki ba ma kai ashirin. Mu kori sauran?

Kada ku yi saurin kora. Ku buɗe littafin halarta ku raba sunayen gida uku. Akwai masu zuwa da jikinsu. Akwai waɗanda ba sa zuwa amma kuɗinsu na zuwa, kamar 'yan'uwanmu da ke Jamus, Italiya ko Amurka, da direbobin da Asabar ce ranar nemansu. Sai waɗanda babu jikinsu babu kuɗinsu. Kashi na biyu membobi ne na gaske, sai dai a ba su suna na daban da haƙƙi na daban, a riƙa tura musu rahoto ba sai sun roƙa ba.

Kashi na uku su ne za su koya muku abin da ba ku sani ba. Ku zaɓi goma daga ciki, ku je har gida, ku tambayi me ya sa suka daina zuwa. Lokacin da muka yi haka, mun zaci za mu ji maganar rashin lokaci. Abin da muka fi ji shi ne, an ce taro ƙarfe huɗu amma ba a farawa sai an kusa magariba, kuma idan an fara mutum uku ne ke magana. Wani matashi ya ce mini, "Malam, na zo sau huɗu, ba wanda ya tambayi sunana, ba wanda ya ba ni abin yi." Wannan ta fi komai yi mini ciwo, domin ni ne ke riƙe da littafin sunaye.

Maganin bai da tsada. A fara taro a kan lokaci ko da mutum biyar ne, a rufe cikin awa ɗaya. Duk sabon shiga a ba shi ƙaramin aiki a makonsa na farko, a haɗa shi da wani tsohon memba da zai neme shi idan bai zo ba.

Idan muka ce ma'aji ya kawo lissafi, ba mu zarge shi da sata ke nan ba?

Wannan tunanin ya kashe ƙungiyoyi fiye da satar kanta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma da muminai ake magana. Rubutu kariya ne ga ma'aji kafin kowa. Na san mutumin kirki da ya riƙe kuɗin ƙungiya shekaru, yana ma cikawa daga aljihunsa, amma da aka tashi rigima ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna, sunansa ya ɓaci a unguwar da aka haife shi.

Ga abin da nake dubawa idan aka kira ni duba littafin wata ƙungiya. Na farko, a ina kuɗin yake kwana? Idan a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, na wani mutum yake, haɗe da kuɗin cefanensa, to matsala na nan tafe ko da waliyyi ne. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a fitar da ko sidi ɗaya sai biyu sun sa. Idan ba a kai ga haka ba, a ware layin waya guda na ƙungiya kaɗai, a riƙa ciro bayanan shige da fice kowane wata ana kwatanta su da littafi. Na biyu, shin mai karɓa shi ne mai kashewa kuma shi ne mai rubutawa? A raba waɗannan hannuwa. Na uku, rasit. Mai aboboya ba zai ba ka rasit ba, mai wace ma haka, saboda haka a tanadi ƙaramin littafi inda mai karɓa zai sa hannu ko ya dangwala yatsa, da shaida ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Kuɗin da aka ba ku da sunan zakka yana da inda Allah ya ce a kai shi, gida takwas da aka lissafa a Suratut Tauba. Kuɗin da aka tara don aikin wani mara lafiya nasa ne. Kada a zuba su tukunya ɗaya da kuɗin wata-wata, har a wayi gari an sayi riguna da kuɗin marayu ba da niyya ba. Kowanne da shafinsa, kuma idan wani abu ya yi saura a koma wa malami da waɗanda suka bayar kafin a juya shi wani wuri.

Sannan a karanta lissafi da baki a gaban taro kowane wata, ko da abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Idan aka saba da jinsa a lokacin zaman lafiya, ranar da wani ya yi tambaya ba za a ce yana neman fitina ba.

Kuɗin wata-wata ba ya isar mu kamar da. Mu ƙara?

Ku fara duba yaushe aka yanke shi. A watan Disamban 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin ɗari. Ƙungiyar da har yau take karɓar abin da ta yanke kafin wannan lokaci, a gaskiya ta rage kuɗinta ne ba ta sani ba. A sake dubawa duk shekara a wajen zaman bincike, a yi mataki biyu ko uku, ɗalibi da mai koyon sana'a su biya kaɗan. Kafin a ƙara wa mutane nauyi kuma, a lissafa nawa ne ya tafi a riguna, ɗinkin yayi, hayar kujeru da abinci, nawa ne ya isa ga waɗanda aka kafa ƙungiyar dominsu. Idan na farkon ya rinjayi na biyu, ba ƙarin kuɗi kuke buƙata ba tukuna.

Wani ɗan takara ya kawo mana baro, riguna da kuɗi. Mu karɓa?

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban ce a mayar da duk kyauta ba, domin ɗan majalisa wakilin unguwa ne, kuma neman haƙƙin unguwa a wurinsa ba roƙo ba ne. Amma a sa sharaɗi tun kafin shekarar zaɓe ta zo, a rubuta shi a tsarin mulkin ƙungiya: duk abin da aka kawo a karɓe shi a bainar jama'a, a shigar da shi littafi, kada ya zo da hoton kowa ko launin jam'iyya, kada kuma a fita gangami da sunan ƙungiya. Memba yana da 'yancin bin jam'iyyar NDC ko NPP ko wadda ya ga dama, amma da rigarsa ta gida.

Ina tsananta wannan ne saboda sunan da aka daɗe ana liƙa wa samarin zango, cewa su ne ake haya idan ana son tayar da ƙura. Bayan rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019, majalisa ta yi dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa, mai hukuncin ɗauri na shekaru masu yawa. Ƙungiyar da ta fara da karɓar riga tana iya tsintar kanta ana kiranta "tsaron akwati". A wajen zaman bincike ku tambayi kanku: idan wanda ba ɗan jam'iyyar shugabanmu ba ne ya shigo taronmu, zai saki jiki?

Dole ne mu yi rajista da gwamnati?

Don yashe kwata da ziyarar marasa lafiya, ba dole ba ne. Amma banki zai nemi takardu kafin ya buɗe muku asusu da sunan ƙungiya, haka ma duk wata hukuma ko gidauniya da za ta ba ku tallafi, har da Asusun Raya Zango da dokar 2017 ta kafa. Mafi sauƙi a fara da asambilin yankinku, sashen jin daɗin jama'a, da kuma Hukumar Matasa ta Ƙasa idan yawancinku 'yan shekara 15 zuwa 35 ne. Babbar rajista ita ce ta ofishin rajistar kamfanoni a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2019, a matsayin kamfanin da ba na neman riba ba. Wannan tana zuwa da nauyi: daraktoci aƙalla biyu, sakatare, mai binciken kuɗi, da rahoton da za a kai duk shekara. Ƙungiyar da ba ta iya riƙe littafin kuɗi na wata goma sha biyu a jere ba, ta fara gyara wannan kafin ta ɗauko wancan.

Shugabanmu shi ya kafa ƙungiyar, ya shekara goma a kai. Yaya za mu yi maganar canji ba tare da cin fuska ba?

Kada ku yi maganar mutum, ku yi maganar kujera. A kawo shawarar wa'adi, shekara biyu sau biyu misali, ya shafi kowa har da sakatare da ma'aji, ya kuma fara aiki daga zaɓe mai zuwa. A tura dattijon da yake jin nauyinsa ya same shi a gida tun kafin a kawo maganar taro, domin babba ba ya son jin irin wannan a karon farko a gaban yara. A kuma tanadar masa wurin da ya dace da shi, uban ƙungiya ko shugaban amintattu, inda za a ci gaba da amfana da mutanen da ya sani.

Gwajin da nake ba kowace ƙungiya shi ne wannan: idan shugaba ya tafi Hajji ko ya yi tafiyar wata biyu zuwa Kumasi ko Tamale, za a yi taro? Za a iya fitar da kuɗi? Akwai wanda ya san lambar jami'in tsafta na asambili in ba shi ba? Idan amsar a'a ce, ku sa kowane mai muƙami ya ɗauki mataimaki ɗan ƙasa da shekara 25 ya riƙa tafiya da shi ofis-ofis.

Mata suna cikinmu, amma ba sa magana a taro.

Ku duba lokacin taron, ku duba wurin. Idan a bes ake yi bayan isha'i, kun riga kun sallame su. Sannan ku duba aikin da ake ba su: idan kullum girki ne da rabon ruwa, ba za su ga dalilin yin magana ba. Matan unguwa su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, da yarinyar da aka cire daga makaranta, da mai cikin da ba ta zuwa awo. Ƙungiyar da ke zaɓen waɗanda za ta taimaka ba tare da su ba, rabin unguwar kawai take gani. A ba su kujeru masu yanke shawara, musamman wajen kuɗi da tantance mabuƙata. Idan sun fi sakewa a zamansu na daban, a yi hakan, magajiyarsu ta kawo matsayarsu a rubuce, a kuma ƙirga ta a matsayin ƙuri'a.

Masu ba mu kuɗi suna son ganin hoto. Laifi ne mu ɗauki waɗanda muka taimaka?

Ku ɗauki kayan, ku ɗauki masu aikin, ku ɗauki rasit. Fuskar maraya da ta bazawara mai karɓar shinkafa ku bar musu abarsu. Nima gari ne da kowa ya san kowa, hoton da kuka sa da azahar kafin la'asar ya isa wayar 'yan ajin yaron. Allah ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, dokar ƙasa ta kare bayanan mutane ta 2012 ma ba ta yarda a yaɗa bayanin mutum, balle na rashin lafiyarsa, ba da izininsa ba. Idan neman taimakon asibiti ne ya sa dole a nuna mutum, a nemi yardarsa ko ta waliyyinsa, a kuma sauke hoton da zarar an gama.

Muna tsafta, muna rabon abincin azumi, muna gasar ƙwallo, muna darasin yara. Mun gaji. Wanne za mu bari?

Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Ku jera ayyukan, kowanne ku rubuta abin da ya ci na kuɗi da na mutane, da abin da kuka tarar ranar da kuka koma dubawa. Sannan ku tambayi wanne ne idan kun bari ba mai yi. Abincin buɗa-baki, alhamdu lillahi, masallatai da masu hali suna yi a kowane lungu. Amma akwai ayyukan da ba su da armashi a hoto, ba mai rububinsu, alhali suna ceton rai.

Misali katin inshorar lafiya. Tsofaffi da yawa suna riƙe da katin da ya mutu, ba su sani ba sai ranar da aka kai su asibiti cikin dare. Ana sabunta shi ta waya da *929#, a biya ta MoMo. Matasa biyar da wayoyinsu, a ƙofar masallaci bayan Juma'a, za su iya duba katunan mutanen layi guda, su rubuta ranar ƙarewar kowanne, su dawo kafin ta cika. Wannan aiki ne mai sauƙin aunawa: kati nawa ne ke raye a bana cikin waɗanda muka rubuta bara?

Haka ba da jini. Dukanmu mun san saƙon nan na tsakar dare, ana neman jini a asibitin Korle Bu ko na Ridge ko na sojoji na 37. Mai lafiya ɗan shekara 17 zuwa 60 da nauyinsa ya kai kilo 50 zai iya bayarwa, ya kuma sake bayan wata huɗu. Ƙungiyar da ta tsara da Hukumar Jini ta Ƙasa ta riƙa kai membobinta sau biyu a shekara, ban da watan azumi, ta yi abin da ya fi a tashi mutane a firgice. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ku zaɓi biyu ku riƙe.

Mu da asambili fa? Mun kai takarda ba amsa.

Ku tabbatar ƙofar da kuka ƙwanƙwasa ita ce taku. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas, Mamobi kuma Ayawaso ta Arewa, kowacce da asambilinta, ga kwata ɗaya ta ratsa tsakani. Ku bi ta hannun asambiliman, wato wakilin unguwarku a asambili, da 'yan kwamitin unguwa, ku kai takarda kwafi biyu a buga muku hatimi a ɗaya, ku nemi abu ɗaya takamaimai da rana: motar kwashe laka ranar Asabar kaza, ƙarfe kaza. Ku gayyaci cocin da ke layinku da sarakunan ƙabilu, Dagomba, Kotokoli, Zabarmawa, Mosi, Frafra da sauransu, su sa hannu tare da ku. Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya shiga cocin Katolika ta Christ the King a 2019 lokacin cikarsa shekara 100, saboda haka ba wanda zai ce muku haɗa hannu da maƙwabci Kirista a kan kwata baƙon abu ne. Idan ba a tabbatar muku da motar ba, ku haɗa kuɗin aboboya kafin ku sa shebur a kwata.

Mun yi zaman, an faɗi gaskiya, an rubuta. Sai me?

Ku fitar da gyara uku kacal, kowanne da sunan wanda zai ɗauke shi da ranar da zai kawo bayani. "Za mu inganta harkar kuɗi" ba gyara ba ne. "Ma'aji da Hajiya za su buɗe asusu kafin ƙarshen wata mai zuwa" shi ne gyara. A rubuta ukun a babbar takarda a liƙa inda ake taro, a fara kowane taro da karanta su kafin a shiga sabuwar magana.

Waɗanda kuka zaga kuka tambaya a unguwa kuma, a koma musu. A gaya musu abin da aka ji daga bakinsu da abin da aka yanke. A shekarar da ta biyo bayan abin da ya faru da mu wajen yashe kwatar nan, mun biya mai aboboya tun ranar Alhamis, ya zo ya tsaya a bakin layi kafin mu fara, ana cirowa ana lodawa. Bayan ruwan farko na watan Yuni na koma da littafina wajen mai kokon nan na tambaye ta ko ruwa ya shigo. Ta ce rumfarta lafiya, amma in leƙa gida na uku daga nata, domin can ne murfin kwatar ya karye, kuma akwai yara ƙanana a gidan. Na rubuta shi a shafin ayyukan wata mai zuwa.